CGPA Ɗin Indiya: Ka Juya Shi Zuwa Kaso da Kanka, Ka Karɓi Takardar Jami'a, Ko Ka Bar Shi Yadda Yake?

Wanda ya gama digiri a Indiya yana dawowa gida da lamba ɗaya, CGPA, wato matsakaicin makin dukan karatunsa, da ta tattara guminsa na shekara uku ko huɗu: 6.6, ko 7.8, ko 8.4, a kan ma'aunin 10. Muddin yana can, kowa ya san darajarta. Ranar da ya buɗe fom ɗin neman digiri na biyu ko na uku a Birtaniya ko Jamus ko Kanada, sai ya ci karo da gurbin da ke neman kason da ya samu cikin ɗari, ko sharaɗin cewa ba a duba wanda bai kai kashi 60 ba. Daga nan sai a shiga tambayar abokai, kowa ya kawo tasa ƙa'idar, kowa kuma ya rantse tasa ce daidai.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, Kano ta tura ɗalibai masu yawa karatu waje, Indiya na cikin manyan ƙasashen da suka karɓe su. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurabe 1,001, akasari a Indiya da Uganda. Ban da waɗanda iyayensu suka kai su Bangalore, Chennai ko Noida da kuɗin aljihunsu, da masu tallafin gwamnatin Indiya na ICCR. Da yawansu suna son ci gaba a wata ƙasar, kuma wannan lamba ce za su fara miƙawa.

Hanyoyi huɗu ne a gaban irin wannan ɗalibi. Ya yi lissafi da ƙa'idar da ta fi yawo a intanet, ko ya bi ƙa'idar jami'arsa da takardar shaida, ko ya bar CGPA ɗin yadda yake, ko ya biya hukumar tantance takardu ta yi masa. Kafin a auna su, sai an gane dalilin da ya sa ba a da ƙa'ida ɗaya.

Me ya sa kowace jami'a da nata lissafin

A 2015 hukumar kula da jami'o'in Indiya, UGC, ta fito da tsarin karatu na kiredit da ake kira CBCS, mai ma'aunin 10: O maki 10, A+ maki 9, A maki 8, B+ maki 7, B maki 6, C maki 5, P maki 4, F kuma sifiri. Ana ninka makin kowane kwas da nauyin kiredit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar kiredit. Na zango ɗaya shi ne SGPA, na dukan karatun shi ne CGPA. Har nan babu gardama.

Gizo yana saƙa ne wajen komawa baya. Kowane harafi rumfa ce da ta rufe makin jarrabawa da dama. A jami'o'i da yawa wanda ya ci 70 da wanda ya ci 79 duk maki 8 ake ba su. Da zarar an rubuta 8, asalin makin ya ɓace, ba kuma za a iya dawo da shi daga CGPA ba. Abin da ake yi kintace ne. Idan ka ninka 8 da 10 ka sami 80, ka ba ɗalibin abin da ko mafi ƙwazon cikin rumfar bai samu ba. Shi ya sa wasu jami'o'in suke cire 0.5 kafin su ninka, don a faɗa tsakiyar rumfar, wato 75. Wasu suna cire 0.75, a sami 72.5. A wasu makarantun ma, irin su manyan cibiyoyin fasaha na IIT, yawancin kwasa-kwasai ana ba da harafi ne gwargwadon matsayin ɗalibi a cikin 'yan ajinsa, don haka babu wani tsayayyen kaso a ƙarƙashin harafin tun farko.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Jami'ar Anna da ke Chennai tana ninka CGPA da 10 kai tsaye. Jami'ar Delhi ta yi amfani da 9.5 ga ɗaliban CBCS. Jami'ar Fasaha ta Gujarat da JNTU ta Hyderabad suna cire 0.5 sannan su ninka da 10. Teburin hukumar AICTE mai kula da ilimin fasaha ya ɗauki 6.75 a matsayin kashi 60, 7.75 kuma kashi 70, wato cire 0.75 ke nan, kuma jami'ar fasaha ta VTU da ke jihar Karnataka ta daɗe tana bin wannan. Jami'ar Mumbai a wasu fannoni ta yi amfani da ƙa'idar ninkawa da 7.1 a ƙara 11.

Ɗauki mai CGPA 7.8. A Chennai kashi 78 ne. Da 9.5 ya zama 74.1. A Gujarat 73. Da ƙa'idar AICTE 70.5. Da waccan ta Mumbai 66.38. Tazarar ta haura maki 11, alhali lambar ɗaya ce.

Mai 7.8 ko ta wace hanya ya haye 60. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai 6.6. Sau 10 ya ba shi 66, sau 9.5 ya ba shi 62.7, cire 0.5 ya ba shi 61. Amma cire 0.75 ya sauko da shi 58.5, ta Mumbai kuma 57.86. A Indiya kashi 60 shi ne bakin ƙofar daraja ta ɗaya. Ke nan ƙa'idoji uku sun shigar da shi, biyu sun bar shi a waje.

Sau 9.5, da sauran lissafin kai da kai

Da wannan akasarin mutane suke farawa, domin ita ce take fara fitowa idan an bincika a waya. Asalinta ba na jami'a ba ne. Hukumar jarrabawar sakandare ta CBSE ce ta kawo ta don sakamakon aji na 10, lokacin da take ba da CGPA a maimakon maki. Ta duba ɗaliban da suka ci tsakanin 91 da 100, ta ga matsakaicin makinsu yana wajen 95, ta raba da 10, 9.5 ta fito. Lissafi ne mai ma'ana ga jarrabawar da aka yi shi dominta. Ɗora shi a kan digirin injiniya daga Karnataka kuwa, awo ne da mudun wata kasuwar.

Amfanin wannan hanya ɗaya ne: kyauta ce kuma nan take. Tana da kyau idan kana son ka san ko ya kamata ka ɓata lokaci a kan wata jami'a. Illarta kuma ba ta da mai tsaya mata. Na taɓa duba takardun wani ƙanena mai 6.6 da ya rubuta 62.7 a fom. A bayan takardar sakamakonsa an buga ƙa'idar cire 0.75 ɓaro-ɓaro, bai taɓa juya takardar ya karanta ba. Ofishin ɗaukar ɗalibai na can suka juya, suka sami 58.5, suka rubuto suna neman bayani. Bai yi niyyar ƙarya ba, amma sai da ya kwashe makonni yana wanke kansa, wa'adin neman tallafin da yake hari kuma ya wuce. Da ya rubuta 6.6 kawai, da an auna shi a kan gaskiyar abin da ya samu ba tare da an ɗiga masa alamar tambaya ba.

Akwai wasu lissafin kai guda biyu da suka fi wannan cutarwa, domin rage mutum suke yi. Na farko raba CGPA da 10 a ninka da 4 don a sami makin Amurka. Mai 6.6 sai ya ga 2.64, ya ga ana neman 3.0, ya haƙura tun bai nema ba. Na biyu namu ne na gida: raba lambar biyu don ta dace da ma'aunin 5 na jami'o'in Najeriya. Mai 6.6 ya koma 3.3, wato ƙaramar daraja ta biyu, tunda babbar daga 3.50 take farawa, alhali wataƙila jami'arsa a daraja ta ɗaya ta sa shi. Ma'aunan nan ba a wuri ɗaya suka ajiye makin ci ba, ba kuma tazara ɗaya ke tsakanin matakansu ba, don haka rabawa da ninkawa ba sa haɗa su.

Ƙa'idar jami'arka da takardar shaida

Idan dole ne a rubuta kaso, wannan ce kaɗai hanyar da zan ce ka bi. Ƙa'idar tana ɗaya daga wurare uku: bayan takardar sakamako, ko kundin dokokin karatu na shekarar da ka shiga, ko sanarwar ofishin kula da jarrabawa. Jami'o'i da yawa kuma suna ba da takarda ta musamman mai hatimi da sa hannu, wadda ta ambaci sunanka, CGPA ɗinka, ƙa'idar da aka bi da kason da ya fito. Ana biyan ɗan kuɗi, a jira 'yan kwanaki ko makonni.

Ƙarfinta shi ne ba maganarka ba ce, maganar jami'a ce. Babu jami'in da zai tuhume ka a kanta. Rauninta kuma ba ka da zaɓi. Idan jami'arka mai cire 0.75 ce, za ka ga abokinka da kuka tashi da CGPA ɗaya ya fi ka da maki 7.5 saboda kawai a Chennai ya yi karatu. Abin da ciwo, kuma ban ga laifin wanda ya ji haushi ba. Sai dai aron ƙa'idar wata jami'a ba ya gyara komai, tunda takardarka za ta ƙaryata ka.

A lura da shekara. Jami'o'i suna sauya ƙa'ida. VTU ta yi amfani da cire 0.75 a tsare-tsarenta na 2015 zuwa 2018, sannan ta koma sau 10 ga waɗanda suka shiga a tsarin 2021. Mutum biyu daga jami'a ɗaya, sashe ɗaya, kowa da tasa ƙa'idar. Taka ita ce ta tsarin da aka ɗauke ka a ƙarƙashinsa, ba wadda ake bi yau ba.

Wani abu da ake mantawa: wasu jami'o'in suna buga ainihin makin kowane kwas a takardar kowane zango, kusa da harafin. Idan taka haka take, ana iya fitar da kaso na gaskiya daga makin, kuma zai iya bambanta da wanda ƙa'idar juyawa ta bayar. A nan kada ka zaɓi wanda ya fi yawa ka yi shiru. Ka rubuta wa inda kake nema, ka ce ga biyun, wanne suke so.

Barin lambar yadda take

Mutane suna raina wannan hanya, suna ganin kamar kasala ce. Ni kuwa ita nake fara ba kowa shawara a duk inda fom ya ba da dama. Ka rubuta 7.8, a gurbin ma'auni ka rubuta 10, ka haɗa da bayan takardar sakamako inda aka yi bayanin haruffa. Shi ke nan.

Dalili shi ne, Indiya na cikin ƙasashen da suka fi tura ɗalibai Amurka, Birtaniya, Kanada da Jamus. Ofisoshin ɗaukar ɗalibai na waɗannan ƙasashe suna karanta takardun Indiya kullum, sun san bambancin Mumbai da Chennai fiye da yadda muka sani. Makarantun digiri na biyu da dama a Amurka suna rubutawa ƙarara cewa kada mai nema ya juya makinsa zuwa ma'aunin 4, ya sa shi kamar yadda yake a takarda. Jami'o'in Birtaniya kuwa kusan kowace tana da shafin Indiya, inda take faɗin abin da ta ɗauka daidai da 2:1 ko 2:2 ɗinta, wato babba ko ƙaramar daraja ta biyu, sau da yawa da kaso da kuma CGPA. Galibi suna kasa jami'o'in Indiya rukuni-rukuni: daga wannan rukunin kaso kaza ya isa, daga wancan sai an ƙara. Ke nan sunan jami'arka yana cikin awon, kuma shafin Indiya za ka duba, ba na Najeriya ko Nijar ba, domin ƙasar da ta ba da digiri ake bi, ba fasfo ba.

Inda shafin ya ba da sharaɗi biyu, na kaso da na CGPA, ka auna kanka da na CGPA tunda shi ne a takardarka. Wani lokaci mai 6.6 da ƙa'idar jami'arsa ta hana shi kai 60 yana iya cika sharaɗin CGPA ɗin lafiya lau.

Iyakar wannan hanya ita ce fom ɗin da ba ya karɓar komai sai kaso. Nan sai a koma takardar jami'a.

Biyan masu tantancewa

Hukumar WES, wato World Education Services, ita ce aka fi sani. An kafa ta a 1974, tana New York da Toronto. Akwai kuma ECE da wasu da ke ƙarƙashin ƙungiyar NACES. Aikinsu iri biyu ne. Akwai tantancewar da ke cewa digirinka daidai yake da digiri kaza, ba ta taɓa maki. Akwai kuma ta kwas bayan kwas, wadda ke ɗaukar kowane darasi ta ba shi harafin Amurka da kiredit, ta fitar da GPA a kan 4. Ta biyun ce jami'o'i suke nufi idan sun nemi a tantance maki, kuma ta fi tsada.

Alherinta shi ne tana auna maki da yadda ake ba da shi a Indiya, inda kashi 60 daraja ta ɗaya ce, don haka sakamakon yakan fi na lissafin kai kyau. Ga mai digirin shekara uku, irin BSc ko BCom, tana da wani amfanin: jami'o'in Amurka da yawa shekara huɗu suke nema, WES kuma tana ɗaukar digirin shekara uku daidai da na Amurka idan an gama da daraja ta ɗaya a makarantar da hukumar NAAC, mai auna ingancin manyan makarantun Indiya, ta ba matakin A. Hukuncin ƙarshe dai na jami'ar ne.

Nauyinta kuɗi ne da lokaci. Da dala ake biya, kuma dole jami'arka ce za ta aika takardun kai tsaye, ba kai ba. Wanda ya riga ya dawo Kano ko Maraɗi ya san wahalar sa wani ofishi a Indiya ya motsa daga nesa. Don haka ra'ayina a nan a fili yake: kada ka biya sai jami'ar da kake nema ta rubuta cewa tana buƙata, ta kuma faɗi hukumar da take karɓa. Na ga waɗanda suka kashe kuɗin nan don neman Birtaniya ko Jamus, inda ba wanda ya tambaye su. A Birtaniya ma hukumar da ke wannan aiki UK ENIC ce, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC, kuma takardarta ta yau da kullum matakin digiri take bayyanawa. Yawancin jami'o'in can da kansu suke awon maki.

Jamus ta bambanta da kowa

Jamus tana da nata lissafin, wanda ake kira ƙa'idar Bavariya da aka gyara, kuma ita ce inda zaɓin kaso ko CGPA ya fi yin tasiri. A can 1.0 ne mafi kyau, 4.0 kuma ƙarshen ci. Ana cire makinka daga mafi girman maki, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙarancin makin ci, a ninka da 3, a ƙara 1.

Mu koma kan mai 7.8. Idan makin ci a jami'arsa 4 ne: 10 a cire 7.8 saura 2.2, a raba da 6, a ninka da 3, a ƙara 1, ya sami 2.1. Idan makin ci 5 ne, 2.2 za a raba da 5, sakamako ya zama 2.3. Idan kuwa ya fara juya CGPA ɗin zuwa 70.5 sannan aka yi lissafin a kan 100 da makin ci 40, sai ya tashi da 2.475. Shirye-shiryen digiri na biyu da yawa a Jamus 2.5 suke sa wa iyaka. Mutum ɗaya, daga 2.1 mai kwanciyar hankali zuwa bakin gaɓa, saboda ya yi juyi biyu a inda ɗaya ya isa. Kowane juyi yana cin wani abu.

Ba kai za ka zaɓi lambobin da za a sa ba. Jami'ar ko uni-assist, ofishin da ke Berlin mai duba takardun baƙi a madadin jami'o'i da dama, su ne za su ɗauko su daga takardarka. Abin da ke hannunka shi ne ka tabbatar takardar ta faɗi mafi girman maki da mafi ƙarancin makin kammala digiri a fili. Idan ba ta faɗa ba, ka nemi wasiƙa daga jami'a. Sannan tun Nuwamban 2022 akwai takardar APS, ta ofishin tantance takardun karatu da ke New Delhi, wadda jami'o'in Jamus suke nema daga masu digirin Indiya. Tana ɗaukar lokaci, a fara ta da wuri.

Kanada kuwa, jami'o'i da yawa shekara biyun ƙarshe suka fi dubawa. Wanda ya sha wuya a shekarar farko, lokacin da yake fama da lafazin malamai da abinci da kewar gida, sannan ya miƙe daga baya, SGPA ɗin zangunan ƙarshe sun fi CGPA yi masa adalci. Irin wannan ɗalibi idan ya dunƙule komai a kaso ɗaya ya ɓoye abin da ya fi ƙarfi a takardarsa.

To wacce za a ɗauka

Ga mai neman Amurka, a bar CGPA yadda yake, a biya WES ko makamanciyarta idan an nema kawai. Ga Birtaniya, a duba shafin Indiya na kowace jami'a, a miƙa CGPA, a riƙe takardar juyawa a gefe don fom ɗin da ya nace. Ga Jamus, CGPA da shaidar makin ci, kada a kai kaso sai in shi ne a takardar asali. Ga Kanada, takardun zango-zango cikakku. Sau 9.5 kuwa, sai wanda jami'arsa ta rubuta masa ita.

Wanda har yanzu yana Indiya ya fi kowa sa'a, domin duk wannan aiki ne na 'yan kwanaki idan kana iya takawa zuwa ofishin jarrabawa da ƙafarka. Kafin ka sayi tikitin dawowa, ka karɓi cikakkiyar takardar sakamako mai hatimi fiye da kwafi ɗaya, da takardun kowane zango, da takardar juyawa zuwa kaso, da wasiƙar da ta bayyana ma'auni da makin ci, da shaidar cewa da Turanci aka koyar da kai. Idan ka taɓa maimaita wani kwas, abin da muke kira kariyoba su kuma suke kira baklog, ka nemi takardar da ta faɗi adadinsu da cewa ka cinye su, domin wasu jami'o'in suna tambaya. Ka kuma tambayi ofishin yadda suke aika takardu ga hukumomin waje, da adireshin imel ɗin da ake amsawa da gaske. Waɗannan takardu za su sake yi maka amfani a Abuja, lokacin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta tantance digirinka kafin bautar ƙasa.

Wanda ya riga ya dawo, ya fara da juya takardar sakamakonsa ya karanta bayanta. Idan ƙa'idar tana nan, ya ɗauki hoton shafin ya haɗa da duk abin da zai aika. Idan babu, ya rubuta wa ofishin kula da jarrabawa da na ɗaliban ƙasashen waje a wasiƙa ɗaya, ya sa lambar rajistarsa da shekarar da ya shiga, ya kuma nemi wani ɗan'uwa da ke can ya bi masa sawu.